Hitar nan-take: kafin ka kai kuɗinka France Road, fara duba wutar gidanka da tankinka

Duk shekara da zarar hunturu ya kunno kai, ƙarshen Nuwamba ɗin nan da hazo ya fara rufe gari, sai ka ga tallan hitar ruwa ya cika wayoyin mutane, musamman 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a bangon banɗaki wadda ba ta da tanki, kana buɗe famfo ruwa na fitowa da zafi. Masu shago a France Road da Ƙofar Ruwa a Kano maganarsu ɗaya ce: Alhaji wannan ba ta shan wuta, kuma ba jira. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, amma akwai sauran bayani, kuma sauran bayanin nan shi ne yake sa mutum ya saya ya ɗaura, bayan sati biyu ya koma ɗora tukunya a kan gas yana cewa an cuce shi.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. A cikinta akwai elemen irin na ketil, da wani ɗan makunni da yake jin gudun ruwa. Ka buɗe famfo, ruwa ya ratsa, makunnin ya ba elemen wuta, ruwan ya ɗau zafi a 'yan daƙiƙun da yake wucewa. Ka rufe famfo ta mutu. Babu ruwan da take ajiyewa, shi ya sa ba ta asarar da mai tanki take yi, wadda ruwanta zai huce ta sake kunna kanta ko ba mai wanka. Iyakar gaskiyar mai shago ke nan. Abin da ya rage shi ne aikin da mai tanki take yi a hankali cikin awa guda, ita wannan dole ta yi shi nan take, to wutar da take ja a lokaci guda ba kaɗan ba ce.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Kilowat 1 na wuta, in ruwa yana gudu lita 1 a minti, zai ƙara masa zafin digiri 14 da ɗan ɗoriya. Saboda haka ka ninka kilowat ɗin da aka rubuta a jikin kwali da 14, sai ka raba da yawan digirin da kake so a ƙara, abin da ya fito shi ne litar da za ka samu a minti. A watan Janairu sanyin asubar Kano yakan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, tanki kuma ya kwana a sama iska na dukansa, mu ɗauka ruwan ciki yana digiri 18. Ruwan wanka mai daɗi wajen digiri 40 ne, ka ga ana neman ƙarin 22. Hita mai kilowat 3.5, wadda ita ce aka fi saye saboda araha, za ta ba ka lita 2 da ɗan abin da ba a rasa ba a minti, wato bokiti mai lita 20 sai ya yi minti 9 kafin ya cika. Mai 5.5 za ta ba ka lita 3.5 a minti. Mai 7 kuma wajen lita 4.5.

Shi ya sa yawancin masu cewa "hitar nan ba ta zafi" lafiyarta ƙalau, famfon suka buɗe har ƙarshe. In ruwan ya yi gudu da yawa ba ya samun lokacin ɗaukar zafi, sai ya fito ɗumi-ɗumi ko ma da sanyinsa. Ka rage famfo zafi ya ƙaru, amma sai ruwan ya koma tsiyaya. Tsakanin biyun nan za ka zaɓa, babu na uku, sai dai ka ƙara kilowat. Kuma abin haushin shi ne ranar da ka fi buƙatarta, ranar da sanyi ya fi tsanani, ranar ta fi gazawa, don ruwan da yake shigarta ya fi sanyi. A watan Afrilu kuwa da baƙin tanki ya sha rana har sai an tara ruwa a bokiti an jira ya huce, wa ma yake ta hita.

Duk lissafin can na sama fa a kan cikakkiyar wuta ne, bolt 230. To kai ma ka san irin wutar da ake samu a unguwanni da yawa da asubar hunturu, lokacin da kowane gida an jona ketil da hitar bokiti da dutsen guga a kan taransifoma ɗaya, ƙwai ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar. Elemen kuma ba ya raguwa daidai da yadda wuta ta ragu, ninki yake yi. In wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, ƙarfin hita ba kashi 20 cikin 100 yake raguwa ba, kusan kashi 40 yake tafiya, wato mai 3.5 ɗinka ta koma kamar mai 2.1. Wani zai ce a sa mata stabilaiza. Ana iyawa, amma ba irin ta firji ko talabijin ba, babba ce wadda kuɗinta zai iya wuce na hitar, kuma ita ma don ta ɗaga wutar sai ta ƙara ja daga layi, wayar da take shigowa gidan ita za ta ji a jikinta.

Nan muka zo kan waya, kuma a nan nake so a tsaya da kyau don a nan ake rasa dukiya har da rai, Allah ya kiyaye. Ka raba wat (kilowat 1 wat 1,000 ne) da bolt ka samu amp. Mai kilowat 3.5 tana jan amp 15, mai 5.5 tana jan 24, mai 7 tana jan 30. Soket ɗin bango na gidajenmu mai ƙafa uku kuwa amp 13 aka yi shi ya ɗauka. Ka ga ko ƙaramar cikinsu ta fi ƙarfin soket, balle a zo maganar ekstenshan. Amma sai ka shiga gida ka tarar an jawo waya daga soket ɗin ɗaki an huda bango an kai banɗaki, an naɗe mahaɗar da baƙin salatif. Kwana kaɗan sai gefen ramin soket ɗin ya fara yin ruwan ƙasa, in ka taɓa murfin bayan wanka ka ji shi da zafi, wani wari-wari kamar na kifi yana tashi a ɗakin ana ta neman inda ɓera ya mutu, alhali robar soket ce take dahuwa. Duk wanda ya ga wannan alamar ya kashe kawai, kar ya ce bari a lallaɓa zuwa ƙarshen sanyi.

Abin da ya dace shi ne hita ta samu layinta ita kaɗai tun daga akwatin bireka, babu abin da za a ratsa a jona a hanya. Mai 3.5 waya mai kauri 2.5 da bireka mai amp 20 in nisan ba shi da yawa, mai 5.5 waya 4 ko sama, mai 7 kuma waya 6 da bireka mai amp 32 zuwa 40, kuma abin da takardar cikin kwali ta faɗa shi ne gaba da maganata. Wayar ma ka sa ido, akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, a ido ba ka bambancewa, amma ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari ya fito, kuma ba ta da nauyi a hannu. Araha ba ta ado. Makunnin kuma a wajen banɗaki za a sa shi, babba irin na AC mai yanke waya biyu, ba inda jiƙaƙƙen hannu zai kai ba.

Sai abin da mutane suka fi rikitawa: bireka ba don kai aka sa ta ba, don waya aka sa ta, kar ta yi zafi ta kama da wuta. Bireka mai amp 20 ba za ta faɗi ba sai wuta ta wuce amp 20, alhali wutar da za ta tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amp guda ba, musamman mutum yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. Abin da yake kare mutum shi ne RCD, wasu su ce ELCB, mai miliamp 30, wanda da zarar ya ji wuta ta fara zurarewa ta wata hanya daban sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Yana da ɗan maɓalli da aka rubuta T a kai, ka riƙa danna shi lokaci-lokaci, in bai faɗi ba to ya mutu a canza. Wasu hitocin suna zuwa da nasu a ciki, hakan ya yi kyau, amma bai ɗauke wa gidan buƙatar wayar ƙasa ba, wadda masu wayarin ke ce wa at. Gidaje da yawa, musamman na haya da tsofaffin gine-gine, za ka ga wayar nan mai kore da rawaya a cikin soket amma in ka bi ta ba ta je ko'ina ba, ba a taɓa kafa ƙarfen a ƙasa ba. Ka sa mai wayarin ya nuna maka inda ƙarfen yake ya kuma auna, don da rani ƙasa takan bushe aikin at ɗin ya ragu. Akwai kuma wani kan shawa da elemen ɗin yake cikinsa tsirara a cikin ruwa, irin wanda ya yi yawa a Burazil, shi kam ni ba zan ba kowa shawarar ya ɗaura a gidan da ba a tabbatar da at da RCD ba.

Ruwan kansa ma yana da nasa sharaɗin. Makunnin nan na ciki ba ya tashi sai ruwa ya zo da ɗan ƙarfi. Mu kuma yawancinmu ba ruwan Tamburawa ko Challawa ne yake zuwa mana kai tsaye da ƙarfinsa ba, bohol ne sumo ta tura tanki, daga tanki ya gangaro. Ƙarfin ruwan tanki tsayi ne kawai, da ma'aunin "bar" ake auna shi, duk mita 10 bar 1 ne, kuma daga saman ruwan tanki zuwa kan shawa ake aunawa ba daga ƙasa ba. Gidan ƙasa da tankinsa yake kan ƙarfe mai mita 4, shawa kuma tana mita 2, abin da yake da shi bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba, in tanki ya kusa ƙarewa ya ƙara raguwa. Mai bene kuma na saman shi ya fi shan wahala don ya fi kusa da tanki. Alamar ƙarancin ƙarfi ita ce hita ta riƙa kamawa tana saki, zafi sanyi zafi sanyi, kana cikin sabulu. Ka duba mafi ƙarancin ƙarfin da aka rubuta a kwali kafin ka biya, in naka bai kai ba akwai mai ɗan injin tura ruwa a cikinta, ko a sa busta a layi. Wanda kuma ruwansa na 'yan ga-ruwa ne ana juyewa a duro, shi wannan hitar ba tasa ba ce sam.

Ruwan bohol yana zuwa da yashi, kuma a bakin shigar ruwan hita akwai 'yar raga ƙarama, in ka kwance ta bayan wata ɗaya za ka ga ta cika da jan yashi da ɓurɓushin tsatsa, wanke ta kawai yakan dawo da hitar da aka ce ta lalace. Ka leƙa cikin ketil ɗin gidanku kuma, in farin abu kamar kanwa yana taruwa a gindinsa to haka zai taru a elemen da hudojin shawa, sai a riƙa jiƙa kan shawar a binega. Sannan da yawa daga cikin ƙananan hitocin nan an yi su ne bakin fitarsu ya zauna a buɗe, famfon rufewa a wajen shiga ake sa shi, in mai gyaran famfo ya sa a wajen fita zai iya fasa ta. Bututun da zai ɗauki ruwan zafi kuma PPR ne, ba farin PVC na ruwan sanyi ba.

Maganar kuɗin wuta. Bokiti ɗaya mai lita 20 da aka ƙara wa digiri 22 yana cin rabin yunit, kuma wannan ba ruwansa da ko ketil ne ko hitar bokiti ko mai tanki ko nan-take, zafin ɗaya ne kuɗinsa ɗaya. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo 206.80, a Yulin shekarar ya koma 209.50. A kan wannan farashin bokiti ɗaya naira ɗari da 'yan kai ne. Gida mai mutum 8 kowa bokiti ɗaya da safe, yunit 4 ke nan a rana, wajen naira 25,000 a wata. Inda nan-take take cinye mita shi ne shawa, don bokiti yana ƙarewa amma shawa ba ta ƙarewa, yaro ya shiga ya ji ɗumi ya ƙi fitowa, minti 15 a kan mai 5.5 kusan yunit ɗaya da rabi ne. In kuma mita ɗaya kuke haɗawa da maƙwabta a gidan haya, to ka shirya wa zaman sulhu.

Wanda kuma layinsa na KEDCO yake Band C ko D, awa 12 ko 8, tambayar da zai yi wa kansa ita ce ƙarfe biyar zuwa bakwai na safe yana samun wuta? Don nan-take ba ta da ajiya, in babu wuta a minti ɗin da ka shiga banɗaki shi ke nan ado ce a bango. Janareta mai 2.5 ko 3 kVA ba zai ɗauke ta ba, zai yi gurnani ya mutu. Masu sola ma su yi hattara, inbata mai 3.5 kVA a kan batir bolt 24 in ka ɗora mata kilowat 3.5 kana zuƙar amp kusan 150 daga batir, da asuba kuma, lokacin da batir ya kwana yana aiki rana ba ta fito ba. Ka gaya wa mai wayarin ya cire layin hita daga ɓangaren inbata gaba ɗaya.

A ganina, ga mafi yawan gidajen Kano, 'yar hita mai tanki ta fi dacewa da irin wutarmu duk da ana mata kallon tsohon yayi. Mai lita 30 da elemen kilowat 1.5 amp 6 zuwa 7 kawai take ja, cikin kusan awa guda ta kai ruwa digiri 60, duk lokacin da wuta ta zo ko tsakar dare ne ta dafa ta ajiye, da safe ka sirka da na sanyi mutum biyu zuwa uku su yi wanka. In wuta ba ƙarfi ma za ta yi aikinta, lokaci kawai za ta ƙara. Mai sola kuma ya kunna ta da rana tsaka lokacin da faranti suke ba da wuta a banza. Ita dai a tabbatar an sa mata bawul ɗin rage matsi kuma ba a toshe shi ba don yana ɗiga.

Akwai kuma nan-take ta gas, wadda a ƙarfi ta fi ta lantarki nesa ba kusa ba, ƙaramarta mai lita 6 a minti ta haura kilowat 10, kuma da manyan batiran tocila biyu take kunna kanta, ba ruwanta da NEPA. Bokiti ɗaya bai wuce giram 50 na gas ba, tukunya mai kilo 12.5 za ta ba ka bokiti sama da 200. Amma wallahi kar a ɗaura ta cikin banɗaki. Tana cinye iskar ɗaki tana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, ga shi da sanyi kowa ya toshe taga, mutum zai ji jiri da ciwon kai ya sulale a wurin ba tare da ya iya kiran kowa ba. A waje ake sa ta, a bangon tsakar gida inda iska take kaɗawa, a yi mata 'yar rumfa, tukunyar ma a waje don gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya.

Inda nan-take ta lantarki take burge ni shi ne wurin da ake son ruwa kaɗan mai ɗumi ba mai zafi ba. Wurin alwalar Baba ko Hajiya da sanyi yake taɓa wa ƙafa, ko wurin wanke-wanke a kicin. Daga digiri 18 zuwa 33 ƙarin 15 ne kacal, famfo mai hita na kilowat 3 zai ba da kusan lita 3 a minti, ya ishi alwala har da saura, kuma minti biyu an gama. Haka ɗakin baƙi da ba kullum ake shiga ba, ko gidan da yake Band A kuma wayarinsa sabo ne mai kyau, nan ka sayi mai 5.5 ko 7 ka more. Wanda ya saya don mai jego kuwa ya yi kuskuren lissafi, yawan ruwan da zafin da ake nema a wankan jego ya fi ƙarfinta, gwaggo za ta kalle ta sau ɗaya ta ce a ɗora mata tukunya.

A kula da yara. In aka rufe famfo aka sake buɗewa nan da nan, ruwan da ya tsaya a jikin elemen yakan fito da zafi sosai na 'yan daƙiƙu, kuma ruwa mai digiri 60 yana saɓule fatar yaro kafin ka ankara. A tara a baho a gwada da gwiwar hannu kafin a sa jariri, kar a tara masa jiki kai tsaye.

Daga Maris in zafi ya shigo a kashe ta daga bireka, za ta yi wata takwas ko tara tana hutu. Ranar da za a dawo da ita, haka kuma duk ranar da tanki ya ƙare aka sake cikawa, kar a fara ba ta wuta. A kwance ragar a wanke, a buɗe famfo ruwa ya yi gudu minti ɗaya ko biyu har ya daina tari da fesar iska, a danna maɓallin T a ga ya faɗi, sannan a ɗaga bireka. Elemen da aka ba wuta alhali iska ce a cikin bututu yana iya ƙonewa nan take, kuma samo wanda ya dace da irin taka a kasuwa wani yawon ne na daban.